Kurakuran da ke kashe wutar injin jirgi da yadda ake gyara su

Daga Yawuri zuwa Malale a tafkin Kainji, har Yeji ta Gana a bakin tafkin Volta, injin da za ka fi cin karo da shi a bayan jiragen fito da na masunta shi ne Yamaha Enduro, mai doki 15, 25 ko 40. Inji ne mai juriya. Amma ranar da aka ja igiya har kafaɗa ta gaji bai tashi ba, maganar da ake fara ji a bakin ruwa ita ce "CDI ya ƙone." Sau da yawa akwatin nan, wanda ke tura wa fulogi wuta a kan lokaci, lafiyarsa ƙalau. Laifin yana wurin waya, mahaɗa ko makunni, abubuwan da gyaransu bai kai kuɗin mai na yini ɗaya ba.

Saboda haka babban kuskure shi ne sayen kaya kafin bincike. Fara da maɓallin kashe inji. Aikinsa shi ne ya zubar da wutar CDI a jikin inji, to idan ruwa ya shige shi ko ya yi tsatsa, sai ya riƙa zubar da ita ba tare da an taɓa shi ba. A Yamaha farar waya ce ke zuwa wurinsa, baƙa kuma ita ce ke ɗaure a jikin inji. Cire farar daga mahaɗarta ka ja igiya. In tartsatsi ya dawo a bakin fulogi, maɓallin ne ya lalace, a canza shi. Kada ka bar wayar a cire ka ɗauki fasinja, domin ba ka da abin tsayar da inji nan take. Haka masu ɗaure igiyar maɓallin, wadda ke kashe inji in an fizge ta, a jikin inji maimakon a hannunsu: in direba ya faɗa ruwa, jirgi zai ci gaba da gudu da mutane a ciki, farfela tana juyawa.

Daga nan ka kwance baƙar wayar, ka goge mazauninta da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tamau.

Wajen gwada wuta ma ana ɓarna. Wani zai zare hular fulogi ya bar ta tana lilo, ya yi ta jan igiya. Wutar da ba ta sami hanyar fita ba tana iya komawa ta huda koyil, wato naɗin wayar da ke ƙara wa wuta ƙarfi, ko ta illata CDI. Sa fulogin a hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara. Ja-ja mai rauni yakan bayyana a waje, amma ya kasa a cikin silinda inda iska take a matse. Kuma a daina ɗaura fulogin babur don kawai ya shiga ramin. Duba lambar da kamfani ya rubuta wa injinka. A fulogin NGK, in lambar ta ƙare da 10, tazarar bakinsa milimita 1 ce. In ya fito baƙi da maiƙo, a duba haɗin mai, ƙila baƙin mai ya yi yawa.

Inda na fi ganin asara shi ne haɗin waya. A murɗe biyu da hannu, a naɗe da salatif, a rufe murfi. Cikin jirgi akwai laima kullum, ga girgiza, ga zafi da ke narkar da ɗankon salatif. Ruwa yana bin siraran zaren jan ƙarfen ya shige can ƙarƙashin roba. Daga waje waya kamar sabuwa, amma in ka fere robar sai ka tarar zaren ya yi baƙi ko kore, yana marmashewa a yatsa. Irin wannan ba a haɗa ta a wurin. Ci gaba da yankewa har ka iske jan ƙarfe mai sheƙi, in ba ka iske ba ka canza ta gaba ɗaya. A lika da dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, sannan a ɗaure wayar yadda mahaɗar ba za ta yi rawa ba. Wayar gida mai zare ɗaya mai kauri ba ta da amfani a nan, girgiza za ta karya ta. Mai zare da yawa ake so, kuma kaurinta kada ya gaza na wadda aka cire.

Masu inji mai batir suna da nasu. Cire kan batir inji yana aiki, wai don a ga ko yana caji, yana ƙona rektifaya, wato na'urar da ke juya wutar inji ta zama mai cajin batir. Juya kan batir, ja a wurin baƙi, yakan kashe ta cikin ƙiftawar ido. Mita ce ke ba da amsa: cikakken batir a zaune yana nuna bolt 12.6, in an tayar da inji aka ƙara totur ya kamata ya haura 13. In sitata tana ƙas-ƙas ba ta juyawa, wanke kan batir ka ɗaure da sifana kafin ka zarge ta, ka shafa giris a sama. Fis kuwa in ya tsinke, sanarwa ce cewa wata waya ta gogu tana taɓa ƙarfe. Wanda ya maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari ya mayar da wayoyin injin kansu fis, ga tankin fetur a gefe. A nemo inda ta gogu, a sa sabon fis mai lamba irin ta tsohon.

Akwai matsalar da ke kama da ta wuta alhali daga farfela ta faro. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka, kututtura suna nan a ƙasa, haka ma a Volta. In farfela ta daki ɗaya da ƙarfi, ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a saman inji, a mazauninsa yana iya yankewa. Wuta tana zuwa, amma ba a kan lokaci ba, sai inji ya riƙa atishawa ko ya fizge igiya daga hannu. Kada a buga filawil da guduma, maganaɗisun cikinsa da sandar inji za su ji jiki. Makanike yana da ƙarfen zare shi. In an buɗe, a duba wayoyin da ke ƙarƙashi. A injunan da faifan koyil ke motsi tare da totur, wayoyin suna lanƙwasa kullum har su karye a cikin roba, shi ya sa wani injin yake yankewa a wuri ɗaya tak na totur.

In ruwan da inji ke fitsararwa ya ragu ko ya tsaya, a kashe shi, zafi yana narkar da robar waya da koyil. Injin da ya nutse kuma kada a jingine shi sai gobe. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a cire fulogi a fitar da ruwan silinda, a buɗe kowace mahaɗa ta bushe, a canza man kafireta, a tayar da shi a ranar. Wanda aka ajiye ya daɗe, a ɗaga murfinsa a duba ko ɓera ya ci waya kafin a ɗora shi a jirgi.