Yadda ake raya kududdufin unguwa da gayya a Maraɗi

Yawancin kududdufan da ke cikin unguwanninmu ramuka ne da aka haƙa don buga tubali, ruwan sama ya zo ya mallake su. Tun da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa gari ya hau tudu ake gini, ake barin ramuka. Yau da dama sun zama juji. Wanda kwaɗi suka daina kuka a cikinsa da damina, to ya mutu.

Ku fara da mai unguwa, sannan ofishin magajin gari, don a tabbatar filin ba na wani ba ne. Liman ya yi sanarwa bayan sallah, samarin fada, wato majalisar hira ta unguwa, su ɗauki aikin ƙarfi.

Lokacin aiki shi ne bazara, Afrilu zuwa Mayu, kafin damina ta sauka. A kwashe leda da kwalabe da tsofaffin batura, amalanke ya kai su juji. Doka ta hana leda a Nijar tun 2014, amma ku leƙa kowane rami ku gani. Kowa ya sa takalmin roba da safar hannu, yara kuma kada su shiga sauran ruwan da ya kwanta, saboda tsargiya daga katantanwar irin wannan ruwa take fitowa.

Wajen yasa ne masu himma ke yin ɓarna. Kada ku ƙwaƙule gindin gaba ɗaya. Akwai kwaɗin da ke binne kansu cikin laka su kwana rani, kamar yadda gaiwa ke yi, shebur ɗaya sai ya raba su biyu. Ku yashe ɓangare guda bana, ku bar sauran sai baɗi. Bakin ramin da ya miƙe kamar bango kuwa a sassabe shi ya kwanta, don kwaɗo ya iya fita, yaron da ya zame ma ya samu mafita.

Sai a karkatar da kwatamin wanka da wanki zuwa wani rami daban. Fatar kwaɗo tana shan duk abin da ke cikin ruwa, sabulu da baƙin mai suna kashe shi. A dasa jema a gefe ta riƙe ƙasa, a bar bado, a riƙa rage kainuwa kafin ta rufe ruwan.

Wani zai ce ai sauro kuke kiwo. Sauro yana samun sakewa a ruwan gwangwani da tsohuwar taya, inda babu mai cin tsutsarsa. A kududdufi mai rai, 'ya'yan mazari da ƙwarin ruwa suna rage ta. Duk da haka kada a jingine gidan sauro.

Kada ku zuba tarwaɗa, 'ya'yan kwaɗi take lashewa. Ba sai kun je tafkin Madarunfa kun ɗebo kwaɗi ba, ruwan farko na Yuni zai fito da su, balbela ta biyo baya.