Kurakuran da muke yi da ruwan sha a Kano, da yadda za a gyara su

Ruwan da ake tacewa a matatun Challawa da Tamburawa ana sa masa sinadarin kilorin kafin a sako shi. Amma tsakanin matata da bakin mai sha akwai tafiya mai nisa, kuma yawancin ɓarnar a nan take faruwa, wata ma a tsakar gidajenmu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tarar ruwan farko. Famfo ya yi kwana da kwanaki a bushe, ranar da aka kawo ruwa sai kowa ya ruga da bokiti. Alhali bututun da ya zauna babu ruwa, duk inda ya tsage zuƙo abin da ke kewaye da shi yake yi. Ku leƙa lungunan cikin birni ku ga inda bututan da yawa suka bi: cikin kwata. Mai jona injin jan ruwa kai tsaye da layin kuwa ƙara wa zuƙon ƙarfi yake yi, ya jawo wa kansa da maƙwabta. A bar ruwan ya zuba har ya washe, na farkon a yi wanke tsakar gida da shi. A kira mai gyaran famfo ya ɗaga bututun gida daga kwata, in babban layi ne ya fashe a sanar da hukumar ruwa.

Sai maganar alif. Iyayenmu mata sun yarda da shi ƙwarai, kuma yana aikinsa: yana tattara laka ya kwantar da ita. Sai dai ba ya kashe ƙwayoyin kwalara da taifot. Ruwa zai yi garau, cutar tana ciki. Bayan alif a tsiyaye, a tafasa har ya yi minti 1 yana tafarfasa. In gawayi ko gas ya yi tsada, a sa kilorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai ma'aunin da aka rubuta a jiki, a jira minti 30.

Ita ma tafasar tana da iyaka. Ba ta cire sinadarai irin kuromiyam da masana'antun jima ke amfani da shi. Mai rijiya ko burtsatse kusa da unguwannin masana'antu irin su Sharada, Challawa ko Bompai ya daure ya kai ruwansa ɗakin gwaji.

Ana son a sami tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai. A cunkoson gidajenmu da wuya a samu, don haka ruwan rijiyar gida a ɗauke shi a matsayin wanda sai an tafasa, musamman da damina.

Ku tambayi mai ga-ruwa inda ya ɗebo, ku duba cikin jarkarsa. In ta yi gansakuka kada a sha. A gida kuma randa ta zama a rufe, a riƙa wanke ta, a ware moɗa mai mariƙi ta ɗiba kawai. Yaro ya sha ya mayar da kofin cikin randa, wahalar tafasar ta tashi a banza.

Ruwan leda ma a duba lambar NAFDAC, a wanke ledar kafin a kai baki, don hannaye da yawa sun taɓa ta a cikin kula.