Ka haɗa sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi? Ga inda za ka duba

Idan ka danna maɓalli babu ko motsin fanka, fara da bayan akwatin wuta, wato na'urar da ke ba kwamfutar wuta: makunnin ya kasance a kan I, ba O ba. Sai ka duba wayoyi biyu da ke shiga madabod (babban farantin da ake haɗa sauran sassa a kansa), babbar mai fil 24 da ƙaramar mai fil 8 ta CPU (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da ke can kusurwar sama. Ita wannan ƙaramar aka fi mantawa da ita. In duk suna daidai, zare wayar maɓallin gaba daga madabod, ka haɗa filolin PWR_SW biyu (inda wayar ke shiga) da bakin sukudireba. In ta tashi, laifin maɓallin ne, ko wayar ba ta gurbinta.

Fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin? Yawanci RAM ne, wato sandunan ma'ajiyar wucin gadi da ake sokawa a madabod. Kashe, cire wayar wuta, zare RAM duka, ka mayar da guda ɗaya a gurbin A2, wanda yawanci shi ne na biyu daga CPU. Danna da ƙarfi har ka ji ƙas, makullin ya rufe da kansa. Sabon hannu yakan ji tsoron dannawa, sai abin ya zauna rabi da rabi. In RAM ɗin nau'in DDR5 ne, yi haƙuri a kunnawar farko, madabod kan ɗauki 'yan mintuna yana gwada shi. Kada ka kashe.

Tabbatar wayar allo ta shiga katin hoto (katin da ke aika hoto zuwa allo, in kana da shi), ba ramin madabod ba. Kalli ƙananan fitilun da ke kan madabod, in yana da su: CPU, DRAM (RAM), VGA (katin hoto) da BOOT (ma'ajiyar da kwamfuta ke tashi daga gare ta), wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. In har yanzu shiru, cire batirin CR2032 (ƙaramin batiri mai kamar kwabo da ke kan madabod) na minti 5, ka mayar.