In za ku Istanbul Modern, ku bar tasi, ku hau taragon T1

Jama'a, ga wata 'yar dabara ga masu zuwa sari Istanbul da ke son su leƙa gidan zane-zanen zamani na Istanbul Modern kafin su dawo.

Kada ku ɗauki tasi. Ku sayi katin Istanbulkart, ku zuba masa kuɗi, ku hau taragon T1, wato jirgin ƙasan cikin gari, mai zuwa Kabataş.

In masaukinku a Laleli yake, layin nan ta ƙofarku ya wuce. Zai bi da ku Sultanahmet da Eminönü, ya haye gadar Galata, ku sauka a Tophane. Daga nan taku kaɗan ne zuwa bakin ruwa inda gidan yake, sabon ginin da Renzo Piano ya tsara, aka buɗe a 2023. Taragon layinsa daban, ba ruwansa da yawancin cunkoson da zai sa mitar tasi ta yi ta cin kuɗinku kuna zaune.

Wani abin kuma: katin Museum Pass na gidajen tarihin gwamnati ne. Wannan gida na masu zaman kansu ne, sai kun sayi tikitinsa daban.

Amma fa kada ku je ran Litinin, a rufe yake. Da yamma kuma, lokacin tashi daga aiki, taragon cika yake maƙil, in kuna ɗauke da jakunkunan sari za ku sha matsi. Ku bar kaya a masauki, ku tafi da hantsi.

In kun shiga ku nemi zanen Fahrelnissa Zeid, sannan ku hau saman bene ku kalli mashigin tekun Bosforus.