Ka saka sabon katin hoto (graphics card, mai aika hoto zuwa allo) a kwamfuta, allo ya ƙi kawowa?

1. Fara duba wayar HDMI, wadda ke haɗa kwamfuta da allo. A jikin katin za ka soka ta, ba a tsohon ramin madabod (babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke haɗe da shi) ba. Yawancin matsalar daga nan take, domin kwamfuta kan rufe wancan ramin idan ta ga sabon kati.

2. Kashe kwamfutar, ka zare ta daga soket. Ciro katin, ka kakkaɓe ƙurar hunturun Gombe daga ramin PCIe, wato inda katin ke zama, ka mayar da shi har maƙallin ya kama.

3. Soka wayar wutar katin, mai fil 6 ko 8. Ƙaramin akwatin wuta na cikin kwamfuta, kamar mai wat 300, ba ya ɗaukar babban kati.

4. Har yanzu shiru? Cire batirin CR2032, ƙaramin batiri mai kama da kwabo da ke kan madabod, na minti 5, ka mayar, ka kunna.