Yadda ake samun aikin Work-Study a ƙungiyoyin unguwa a Amurka

Work-Study shiri ne na gwamnatin tarayya da ke biyan ɗaliban kwaleji masu buƙatar tallafi albashin aikin 'yan awoyi. Wannan bayani na 'ya'yanmu ne da ke kwaleji a nan, musamman na Bronx da Harlem a New York, waɗanda ke da takardar zama ɗan ƙasa ko girin kad ko waɗanda aka riga aka ba mafaka. Idan da bizar karatu ta F-1 ka shigo, kada ka ɓata lokacinka, kuɗin gwamnatin tarayya ne kuma ba su shafe ka ba. Naka shi ne aikin cikin makaranta, awa 20 a mako.

Cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, ba sai na koya wa kowa ba. Abin da zan ce kawai, a cike shi da wuri, da zarar an buɗe, yawanci 1 ga Oktoba. Kason da ake ba kowace makaranta ƙayyadadde ne, idan ya ƙare ya ƙare. Idan takardar tallafinka ta fito babu Work-Study a ciki, taka da ƙafarka zuwa ofishin tallafin karatu ka tambaya. Imel ba ya yi, ni dai ban taɓa ganin ya yi ba.

To, a ce an rubuta maka dala 3,000. Nan ne yara ke fara ruɗewa, suna zaton za a cire daga kuɗin makaranta. Ba kyauta ba ce. Iyakar abin da za ka iya samu ne idan ka nemi aiki, aka ɗauke ka, ka yi awoyin. Ba ka yi ba, ko sisi.

Shawarata, nemi na waje, na ƙungiyoyin al'umma. Doka ta wajabta wa makarantu su kashe aƙalla kashi 7 cikin ɗari na kuɗin a irin wannan aikin: wurin rabon abinci, ɗakin karatu na unguwa, ajin yara bayan an tashi makaranta, asibitin sha-ka-tafi. Kowa na rububin kujerar laburaren makaranta, waɗannan guraben kuwa sau da yawa suna nan suna jiran mutum. Wanda ke jin Hausa da Faransanci ko Twi yana da abin da zai nuna a ƙungiyar da ke taimakon baƙi. Mafi sauƙin samu shi ne koyar da yaran firamare karatu ko lissafi, domin a nan gwamnati na iya biyan albashin gaba ɗaya, ƙungiyar ba ta saka komai. A sauran ayyukan yawanci kashi 75 take biya, saura a kan ƙungiya ko makaranta, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi ke jan ƙafa.

Kada ka kawo maganar Islamiyyar masallacinku. Ba a biyan koyar da addini ko kula da wurin ibada da wannan kuɗi, na coci ma haka, aikin kamfen ɗin siyasa ma haka.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Kada ka fara aiki sai makaranta ta ce maka fara, a rubuce. Dole sai makaranta da ƙungiyar sun sa hannu a yarjejeniya, kai kuma ka cike I-9 (fom ɗin tabbatar da izinin aiki) da W-4 (na haraji), ka kai takardunka na asali, ba hoto a waya ba. Ɗan ƙanwata ya samu wani wurin rabon abinci, matar da ke shugabanci ta ce masa ya zo ranar Litinin, takardu za su biyo baya. Yaro ya yi mako uku yana sauke kwalayen gwangwani daga mota cikin sanyin Nuwamba, yana rubuta awoyinsa a bayan littafin lissafi. Da ya kai ofis aka duba, ashe wurin ba ya cikin jerinsu ma. Matar ba mugunta ta yi ba, ba ta san tsarin ba ne. Sai da aka shafe kusan wata ana kai takarda ana dawowa, awoyin baya kuwa makaranta ta ce ba ruwanta. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kowace ƙungiya ita ce, kuna da yarjejeniya da makarantarmu? Idan suka fara kame-kame, koma ofis ka karɓi jerin waɗanda aka riga aka amince da su, ka zaɓa daga ciki. Kuma zaɓi wanda jirgin ƙasa ɗaya zai kai ka, kada kuɗin mota ya cinye ladar.

Sauran kuma lissafi ne. Misali kawai, dala 3,000 a kan dala 15 kowace awa, awa 200 ke nan, wato ƙasa da awa bakwai a mako idan kana son su kai ka ƙarshen shekarar karatu. Ka zuba awa 15, kafin Fabrairu ka cinye, dole ka tsaya. Miƙa takardar awoyi a kan lokaci da sa hannun mai kula da kai, ka sa a riƙa tura kuɗin kai tsaye asusunka. Kuɗin nan ba sa rage maka tallafin baɗi kamar yadda albashin shago ke iya yi, amma FAFSA ɗin sai ka sake cikewa kowace shekara.