Yadda za a gane musabbabin ƙurajen wuya da alamomin da ba a jira da su

A wuya gumi ke taruwa, a nan sarƙa ke gogar fata, a nan ake shafa humra da turare, ga hijabi ko kwalar riga sun rufe shi yini guda. Ba mamaki ƙuraje su yawaita a wurin. Abin da ke damuna shi ne, da an ji ƙaiƙayi sai a aika yaro kemis ya sayo mai, ba tare da an san abin da ake yi wa magani ba. Ga yadda ya kamata a bi.

Mataki na 1: A fara duba ko akwai hatsari

Kafin a nemi dalili, a duba mai ƙurajen gaba ɗayansa. Idan akwai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sandarewar wuya, musamman a watannin zafi daga Fabrairu zuwa Mayu, a yi zargin sanƙarau, a tafi asibiti nan take. A danna kofin gilashi a kan ɗige-ɗigen. Idan ba su dushe ba, lamarin na gaggawa ne. A baƙar fata ba su cika fitowa fili ba, don haka a leƙa tafin hannu, tafin ƙafa da cikin baki.

Idan leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi yana sarƙewa, borin jini ne mai tsanani, kuma yana iya kisa cikin mintuna. Haka nan idan an fara shan sabon magani, irin su Septrin, sai fata ta soma tashi kamar ƙuna, baki da idanu suka yi gyambo: a daina shan, a garzaya asibiti da kwalin maganin a hannu.

Ga yara kuma, zazzaɓi, tari, mura da jan ido, sannan ƙuraje su fara daga bayan kunne da fuska su gangaro wuya, wannan ƙyanda ce. Ba a ɓoye yaro a ɗaki, asibiti ake kai shi.

Mataki na 2: A kalli siffar ƙurajen da rana

Ƙanana birjik masu tsikari, a inda gumi ke kwanciya, ƙurajen zafi ne. Hanyoyin gumi ne suka toshe. Jarirai sun fi fama da su a ninkin wuya. Zagaye mai tudun baki, tsakiya ta washe, makero ne. Dabbare-dabbare masu haske ko duhu da ɗan gari-gari, kyasbi ne. Ƙuraje masu tauri a ƙeya ko ƙarƙashin haɓa, galibi daga askin ƙwal suke, gashi ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Masu ruwa a gefe ɗaya na jiki kawai, da raɗaɗi kamar wuta, suna buƙatar likita cikin awa 72, domin a lokacin maganinsu ya fi aiki.

Akwai wani da nake so iyaye su lura da shi sosai. Wuya ya yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi kamar karan-miski, a yi ta dirza da soso ana yi wa yaro faɗan ƙazanta. Ba dauɗa ba ce. Sau da yawa jiki ne ke nuna insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ba ya aiki yadda ya kamata, musamman ga mai ƙiba, kuma hakan kan riga ciwon suga zuwa. A je a auna jini.

Mataki na 3: A tuna abin da ya taɓa wuyan

Sabuwar sarƙa? Na gwal ɗin ƙarya da yawa suna ɗauke da ƙarfen nikel, kuma ƙurajen kan bi sawun sarƙar daidai, kwana 1 zuwa 3 bayan an saka. Haka sabon turare, rinin gashi, sabulu, ko omon da bai fita daga hijabi ba. A ajiye abu ɗaya-ɗaya a ga wanda ya kawo sauƙi.

Mataki na 4: A yi abin da ya dace a gida

Wanka da ruwa mai sanyi, a tsane wuya sosai, a sa tufafin auduga sakakku, a yanke farce. Maganin shafawa na kalamin (calamine) yana rage ƙaiƙayin ƙurajen zafi. Makero kuma man clotrimazole ake shafa masa sau 2 a rana, mako 2 zuwa 4, ba a dainawa don kawai an ga ya dushe.

A guji mayukan nan masu haɗin magani uku da na bilicin. Sinadarin steroid da ke cikinsu yana kwantar da ƙaiƙayi, amma yana sa makero ya bazu, fata ta yi siriri ta tsattsage. Man shanu, toka da man goge baki ma ba su da gurbi a nan.

Mataki na 5: A ƙirga kwanaki

Idan mako 2 ya wuce ba sauƙi, ko ƙurajen suna yaɗuwa, suna fitar da mugunya, ko kaluluwa ta fito a wuya, a ga likitan fata. A ɗauki hoton wurin da waya tun ranar farko, a kuma tafi da duk man da aka shafa.